Talla ko rumfa: ta ina ake tara masu karatu a Sakkwato?

Wani ɗan ƙanwata da ya gama Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya kama wata sana'a da ba a raɗa mata suna ba tukuna. Yana zagaya kasuwar Kara da wajen 'yan albasa, ya ji farashi, ya ji abin da ya ɗaga shi ko ya karya shi, ya zauna ya rubuta. Ran nan bayan La'asar ya same ni da tambaya: "Kawu, wanga rubutu nawa, in riƙa aika ma mutane ta imel duk mako, ko in baza shi a intanet kowa ya gani?" Wai Turawan da yake saurare a YouTube duk imel suke yabo.

Na ce masa ai tambayar ta girme shi: talla ko rumfa. Mai talla yakan kai kaya har ƙofar gida, amma sai gidan da ya sani. Mai rumfa kuwa baƙo ma yana iya tsayawa ya taya, sai dai filin ba nasa ba ne. Ranar da aka ce a tashi, an tashi.

Turawan nan ba ƙarya suke yi ba, amma maganar ƙasarsu suke yi. A Amurka ma'aikaci da imel yake karya kumallo, shi ya sa kamfani irin Substack, da aka kafa a 2017, ya samu kasuwa wajen marubuta masu aika wa mutane rubutu kai tsaye. Mu fa? Na taɓa karɓar wayar wani dillalin albasa don in taya shi duba wani saƙo. Alamar Gmail na ɗauke da dubban saƙonni da ba a taɓa buɗewa ba. Da na tambaye shi lambar sirrin, dariya ya yi: yaron shagon da ya sayar masa da wayar ne ya buɗe masa, don a samu a sauke WhatsApp. Adireshi dai yana da shi, amma gida ne da ba kowa a ciki.

Wannan ba ya nufin talla ba ta ci a nan. Mu ne ma masu ita. Nana Asma'u, 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ba ta zauna jiran matan karkara su laluɓo ta ba. Ta naɗa jajjaji, wato mata malamai masu jagoranci, ta ɗora musu malfa, suna ɗaukar karatu zuwa ƙauyuka, suna jagorantar mata su zo su koma. 'Yan Taru ke nan. Abin lura shi ne ta bi hanyar da saƙon zai shiga kunne, wato baki da waƙa, cikin harshen da matan ke ji. Yau wannan hanyar lambar waya ce.

To me zai hana a zauna a rumfar Facebook ko X kawai? Saboda mun ga jiya. A farkon 2018 Facebook ya sauya tsarinsa, ya fifita abin da dangi da abokai ke sakawa, masu yaɗa labarai suka wayi gari mutanensu ba sa ganinsu. A Yunin 2021 gwamnatin Buhari ta rufe Twitter (wato X a yanzu), ba a buɗe ba sai Janairun 2022. Wanda duk arzikinsa mabiya ne a can, wata bakwai yana kallon rumfa a garƙame. (A Satumbar 2021 kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jiharmu saboda 'yan bindiga. Lokacin daga talla har rumfa babu wadda ta yi rana, rediyo ne ya riƙe mutane.)

WhatsApp ɗin ma sai an yi hattara. Tashoshin (Channels) da kamfanin ya ɓullo da su a 2023 rumfa ce sanye da rigar talla, domin mai tasha ba ya ganin lambobin baƙin da ke bin sa. Saƙon bai-ɗaya (broadcast) kuwa mutum 256 yake ɗauka a tafi guda, kuma ba ya isa ga wanda bai adana lambarka ba. Wasu na ganin wannan takura ce. Ni kam alheri na gani, don wanda ya ɓata lokaci ya adana lambarka, da gaske yake.

Shawarar da na ba yaron ita ce ya fara da rumfa, tunda talla ba ta haifar da sabon mai saye. Bayanin yadda ake adana albasa ta kai damina ba ta ruɓe ba, in yana fili, wani a Illela ko Kebbi zai ci karo da shi baɗi. In ya shige cikin imel kuwa, ya kwanta ke nan. Amma duk wanda ya tsaya ya yi tambaya, ya roƙi lambarsa, da yardarsa, don tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a. Ya rubuta ta a littafi, ba a waya kaɗai ba. Imel ya bar wa 'yan tsirarun da ke buɗe shi: malaman jami'a, ma'aikatan ƙungiyoyi, manyan masu saye na Legas.

Bayan mako uku ya dawo da littafin, ya cika shafi huɗu. Sai dai ya zo da ƙorafi. Wani manomi daga Goronyo ya ba shi lamba, sannan ya ja masa kunne: "Yaro, kada ka rubuto min. Ka danna ka yi magana, ina gona." Yanzu duk Alhamis sai ya rubuta, sannan ya shige ɗaki ya rufe ƙofa ya karanta da baki, wai kajin gidan suna ɓata masa sauti.