Ashe tsatsar ce ke riƙe da tankin

Kun dai san Jincheng ɗin Baba da ke jingine a zaure tun 2013, lokacin da aka hana acaɓa a Kano, yaron da ke ja ya kawo makulli ya yi gaba. Kuɗin adaidaita ne ya ishe ni, na ce bari in tashe shi. Na jiƙa sarƙa a kalanzir na bi ta da tsohon buroshin haƙori, salansa ta sha samfefa, filogi na sayi sabo. Duk wannan lafiya lau.

Tanki ne ya ja min. Na haska ciki da fitilar waya, ja wur. Bakanike ya ce in je Ƙofar Ruwa in sayi na hannu in huta, na ce ai ba a yi haka ba. Ruwan batir kuwa har ƙarfen yake ci, sai na kwashe tsamiyar kunun Hajiya (maganar nan har yau ba ta mutu ba), na jiƙa, na tace, na ɗura, na zuba tsofaffin notuna na yi ta jijjigawa. Tsamin na narkar da tsatsa, notunan na kankarewa. Na ɗauraye da ruwan kanwa don ya kashe tsamin, in ba haka ba kafin ya bushe wata tsatsar ta sake hawa. Cikin tanki ya yi fes, wallahi har hoto na ɗauka.

Ranar Juma'a bayan la'asar na turo shi gaban majalisa, ina sanye da farar shaddata. Na juye fetur, fetur ɗin da tun da aka cire tallafi a 2023 ko ƙamshinsa ba a ba ka kyauta. Na gyara hula, na hau. Ban kai ga taka kik ba na ji sanyi na bin cinyata ta hagu, ya gangara gwiwa, ya shige takalmi. Na ƙi duba ƙasa. Na ci gaba da murmushi ina murɗa totur ɗin babur da bai tashi ba, ko Allah zai sa babu wanda ya lura. Majalisa ta yi tsit. Gindin tankin nan ya zama rariya, ramukan da tsatsa ta toshe shekara da shekaru duk na buɗe su tas.

Sai mutuminku mai faci ya cire rake daga baki ya ce, "Alhaji, kai ne ko mashin ɗin?"

Mai shayi na ihu in matsa daga wutarsa, yara na tafi, ni kuwa na kasa sauka don wandon ya manne min.

Amma mai facin nan ne ya fi ƙona min rai. Kafin in ankara ya tara robarsa a ƙasa, wai kada a yi asara. Da ta cika sai ya juye a injin iskarsa, ina kallo, ko na gode babu. Mutumin da ya sha iskar fankata duk zafin bara, wanda sifanata mai lamba goma ke hannunsa tun kafin azumi! Washegari na kai masa tayar baya ya buga min iska, da man nawa fa, ya miƙo hannu wai in ba shi kuɗi. Har da shawara, in goga sabulu a ramukan zai riƙe.

Na goga ɗin. Sabulun ma na Hajiya ne, ba ta sani ba tukuna.