Kuɗin Coci: Idan An Hana Gwamnati Dubawa, Wa Zai Duba?

A ranar 7 ga Janairun 2017 Fasto Enoch Adeboye ya sanar da cewa ya miƙa jagorancin cocin Redeemed a Najeriya ga Fasto Joseph Obayemi, saboda wata ƙa'ida da hukumar kula da rahoton kuɗi ta ƙasa, wato FRC, ta fitar, wadda ta taƙaita wa shugabannin ƙungiyoyin da ba na neman riba ba wa'adin shekara 20. Kwana biyu bayan haka gwamnatin Muhammadu Buhari ta sallami shugaban hukumar, Jim Obazee, aka kuma jingine ƙa'idar. A watan Agustan 2020 rigimar ta dawo da wata fuska, lokacin da shugaban ƙasa ya sa hannu a kan sabuwar dokar kamfanoni, CAMA, wadda sashe na 839 nata ya buɗe ƙofar dakatar da amintattun ƙungiya tare da naɗa shugabannin riƙo idan an ga alamar almundahana ko rashin iya riƙon dukiya. Ƙungiyar Kiristoci ta Najeriya, CAN, ta yi fatali da sashen, kuma a 2023 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta soke shi tare da wasu sassa makamantansa.

Sau biyu ke nan shugabannin coci suna yin nasara a kan gwamnati, kuma ban ga laifinsu ba da suka ji tsoro. A ƙasar da ake amfani da hukumomi wajen razana masu sukar mahukunta, bai wa jami'in gwamnati ikon cire amintattun majami'a ya ɗora wanda ya ga dama abu ne mai haɗari, kuma haɗarin ya shafi kwamitocin masallatai da ƙungiyoyin farar hula, tun da dokar ba ta ware kowa ba. Abin da ya dame ni shi ne abin da ya biyo bayan nasarar, wato shiru. An ce wa gwamnati kuɗin coci ba nata ba ne, kuma gaskiya ne. Amma wanda ya faɗi haka ya ɗauki wa kansa nauyin nuna lissafi ga masu kuɗin na ainihi, wato matar da ta sayar da ƙosai ta cire ushiri, da malamin firamare da ya jefa baiko daga albashin da bai kai shi ƙarshen wata ba. Wannan nauyin ne har yanzu majami'u da yawa ba su sauke ba.

Abin mamaki shi ne manyan cocin Najeriya sun riga sun saba da bayyana lissafi, sai dai a ƙasar wasu. A Ingila duk ƙungiyar agaji mai rajista da kuɗin shigarta ya wuce fam 25,000 a shekara dole ta miƙa lissafinta ga hukumar kula da ƙungiyoyin agaji, kuma hukumar tana sa shi a intanet kowa ya gani. Saboda haka mutumin da ke zaune a Kafanchan zai iya ɗaukar wayarsa ya karanta abin da reshen wani cocin Najeriya da ke Landan ya samu da abin da ya kashe, amma ba shi da hanyar sanin abin da hedikwatar cocin da ke Legas ta tara a shekarar. Ba a taɓa jin cewa wannan bayyanawa ta hana wa'azi a Landan ba.

A can ɗin ma an ga amfanin dubawar. Hukumar ta binciki cocin KICC da ke Landan, na Fasto Matthew Ashimolowo, ta kuma fitar da rahoto a 2005 da ya nuna an yi sakaci wajen tafiyar da dukiyar cocin, har aka nemi faston ya mayar da fam 200,000. Bayan wasu shekaru cocin ya zuba fam miliyan 5 a hannun ɗaya daga cikin amintattunsa, tsohon ɗan ƙwallo Richard Rufus, da sunan jari, aka yi asarar kusan fam miliyan 3.9. Abin lura a nan shi ne ba ɓarawo ne ya fasa ƙofa ba. Mutanen kirki ne suka yarda da ɗan'uwansu, suka ga kamar tambayarsa takarda rashin bangaskiya ne. A Singafo kotu ta sami Fasto Kong Hee na cocin City Harvest da wasu mutum biyar da laifi a 2015 a kan karkatar da kimanin dala miliyan 50 ta ƙasar, wanda aka kashe wani kaso nasa wajen tallata waƙoƙin matarsa. Ko fadar Fafaroma ba ta tsira ba, domin a Disambar 2023 kotun Batikan ta yanke wa Kadinal Angelo Becciu hukuncin ɗaurin shekara biyar da rabi a shari'ar da ta taso daga cinikin wani gini a Landan.

Za a ce waɗannan labaran masu jiragen sama ne da manyan gine-gine, ba su shafi majami'ar ƙauye ba, inda fasto ke noma gonarsa domin albashinsa bai isa ba, kuma wani lokacin sai ya yi watanni bai karɓa ba. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma adalci ya sa a faɗa cewa tsofaffin ikilisiyoyin Arewa irin su ECWA da COCIN da EYN sun gaji tsarin majalisu tun daga majami'a har hedikwata, da dattawa da ma'aji da magatakarda, abin da yawancin cocin da mutum ɗaya ya kafa ba su da shi. Sai dai tsari a takarda daban, aiki da shi daban. A wurare da yawa rahoton kuɗi ana karanta shi ne a ƙarshen sujada mai tsawo, da Turanci, cikin sauri, lokacin da yara ke kuka kuma kowa ya ƙosa ya tafi gida. A faɗi jimillar abin da ya shigo da jimillar abin da ya fita, a yi tafi, a rufe da addu'a. Wanda ya ɗaga hannu ya tambayi inda kuɗin bikin godiyar kaka ya shiga, ko dalilin da ya sa ginin da aka yi wa gidauniya sau uku har yanzu bai kai rufi ba, sai a dube shi kamar mai tayar da fitina, wani lokacin ma a tuna masa cewa ba a taɓa shafaffe na Ubangiji.

Wannan tunatarwar ce ta fi ba ni takaici, domin Littafi Mai Tsarki da ake fakewa da shi yana gefen mai tambayar ne. A sura ta 8 ta wasiƙar Bulus ta biyu zuwa ga Korintiyawa, manzon yana tara gudummawa domin matalautan Urushalima, kuma bai yarda ya riƙe ta shi kaɗai ba. Ya aika Titus tare da wani ɗan'uwa wanda ikilisiyoyi da kansu suka zaɓa, ya kuma bayyana dalilinsa, cewa ba ya so kowa ya sami abin zargi game da yadda aka riƙe kyautar, kuma yana so a yi abin da ke daidai a gaban Ubangiji da kuma a gaban mutane. Idan Bulus bai ɗauki sa ido a matsayin cin mutunci ba, ban san wane rabaran ne ya fi ƙarfinsa ba. A 2 Sarakuna sura ta 12 kuwa, firistoci sun yi shekaru suna karɓar kuɗin gyaran Haikali ba tare da an ga gyara ba, har zuwa shekara ta 23 ta mulkin Yowash. Maganin da aka yi shi ne akwati mai huda a murfinsa, kuma idan ya cika magatakardan sarki da babban firist ne suke ƙirgawa tare. Gaskiya ne surar ta ce ba a nemi lissafi daga masu kula da ma'aikata ba saboda amincinsu, amma wannan yarda ta zo ne bayan an raba mai karɓa da mai ƙirgawa da mai kashewa, kuma aikin yana tashi kowa yana gani.

Akwai kuma wani bambanci da ya kamata ya ba mu kunya. Idan wata ƙungiya daga Turai ko Amurka ta aiko da tallafi domin waɗanda rikici ya raba da gidajensu, ana rubuta mata rahoto dalla-dalla, da rasit da hotuna da sunayen waɗanda suka amfana, domin an san idan ba a yi ba kuɗin zai tsaya. Ke nan ƙwarewar tana nan. Amma zumuntar mata, wadda a majami'u da dama ita ce ƙashin bayan kowace gidauniya, ba ta samun ko rabin wannan girmamawa, saboda an tabbata ko an yi mata bayani ko ba a yi ba za ta sake bayarwa ranar Lahadi mai zuwa.

Gyaran ba ya buƙatar dokar majalisa. Baiko mutum biyu ko uku da ba dangin juna ba su ƙirga shi, su sa hannu, a kai banki da sunan ikilisiya, kuma yanzu da mutane ke tura kuɗi ta waya wannan ya ƙara zama wajibi, domin lambar asusun da ake karantawa daga bagade bai kamata ta zama ta fasto ko ta matarsa ba. Fasto kada ya zama mai sa hannu shi kaɗai, kuma kada ya zauna a taron da ake yanke albashinsa. Filaye da makarantu da asibitocin da aka gina da kuɗin jama'a su kasance da sunan amintattun ikilisiya, domin rigimar gado da ke tashi bayan rasuwar wanda ya kafa coci kusan kullum daga nan take farawa. Rahoton kuɗi a rubuta shi da harshen da ake sujada da shi, a manna a allon sanarwa makonni kafin taro, a kuma kawo mai binciken kuɗi daga waje sau ɗaya a shekara. Fasto mai gaskiya shi ne zai fi kowa cin moriyar wannan, domin a yau duk wanda ya sayi babur ko ya kai ɗansa jami'a sai an yi ta raɗa a kansa, kuma ba shi da takardar da zai wanke kansa da ita.

A cikin sashe na 839 da aka yaƙa akwai wani tanadi da hayaniya ta rufe, wanda ya ba kashi ɗaya cikin biyar na membobin ƙungiya damar kai ƙara a kan amintattunsu. Wannan iko na jama'ar coci ne, ba na gwamnati ba, kuma babu abin da ya hana kowace ikilisiya ta rubuta makamancinsa a kundin tsarinta, ta yadda idan kashi ɗaya cikin biyar na membobi suka nemi a binciki asusu, dole a kira mai bincike daga waje cikin wa'adi sananne, a kuma karanta sakamakon a gaban kowa. CAN da TEKAN, wato Tarayyar Ekklisiyoyin Kristi a Najeriya, suna da ikon sa wannan ya zama sharaɗin zama memba a cikinsu, kuma da sun yi hakan tun 2020, da ba a bar wa wata gwamnati mai zuwa hujjar sake kawo irin wannan doka ba.