Mai riƙe da ludayi ma ta shiga wajen likita

Dattijon da ke fama da ciwon suga da na zuciya, 'yan mintunan da yake yi a gaban likita ba su taka kara sun karya ba. Jinyar gaske a gida take, a hannun wadda ke zuba masa tuwo. Tun da zama ya kawo ni Ingila nake auna wannan da halin dattawanmu na Jos.

A nan, wanda aka gano yana da ciwon suga akan tura shi ɗan kwas, irin wanda ake kira DESMOND, kuma yana iya zuwa da matarsa. Tare za su ji bayanin abinci, da awon jinin nan mai nuna yadda suga ya kasance cikin wata 2 zuwa 3, da duba ƙafa duk shekara. Magani kuwa kyauta ne ga wanda ya kai shekara 60.

A Jos fa? Alhaji zai tafi asibiti da ɗansa ko direba, ya dawo, Hajiya ta tarbe shi: "Sannu da zuwa Alhaji, me likita ya ce?" Ya ce, "A rage gishiri." Shi ke nan bayanin. Sai baiwar Allah ta rage gishiri ta ƙara dunƙule, alhali shi ma cike yake da gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ƙasa da giram 5 na gishiri ta ce a yini, abin da bai cika cokalin shayi ba, kuma har da wanda ke cikin burodi da yajin tsire. Ko ta ji an ce acha ce abincin masu suga, sai ta cika masa kwano maƙil. Acha ma hatsi ce, yawanta na ɗaga suga. Abin haushi, ga kabeji da latas da koren wake jibge a kasuwar Farin Gada, amma ba wanda ya zaunar da ita ya ce su ne za su ci rabin faranti. In gidan mata biyu ne kuwa, uwargida ta kiyaye a ranar girkinta, amarya ta zo ta warware da soye-soye, don ba ta so a ce ba ta iya miya ba.

Kuma matar ce za ta fara gani in ciwo ya tashi. Ita ke ganin ƙafarsa ta kumbura, ko ya ƙara matashin kai da dare saboda numfashi, alamun da ke nuna zuciya ta fara gajiya. In ya sha magani bai ci abinci ba, zufa ta keto masa, jiki na rawa, magana na sarƙewa, ya kamata ta san suga ne ya faɗi, ta ba shi ruwan sukari in yana iya haɗiya, ba a tsaya ana cewa iska ce ba. Ga sanyin hunturun Jos: dattijo ya miƙe ƙafa a bakin kaskon wuta, ciwon ya riga ya kashe masa jijiyoyi, ya ƙone bai ji ba. Daga irin wannan ƙaramin gyambon ake kaiwa ga yanke ƙafa.

Ban ce Turawa sun fi mu ba. Tsofaffinsu da yawa su kaɗai suke kwana, in sun faɗi ba mai ɗaga su. Mu muna da mutane cike da gida, bayani ne ba ya isa gare su, saboda kunya da kuma "ai ba sai ta sani ba".

Inda suka sha gabanmu shi ne idan matar ce ba lafiya. Na sha ganin tsoho a nan yana jera wa matarsa ƙwayoyi cikin ɗan akwatin nan mai ranakun mako. Maigidanmu kuwa zai biya kuɗin magani, kuma a tsadar yau ba ƙaramin ƙoƙari ba ne, amma tambaye shi sunan maganin ka ji. Likita ya ce Hajiya ta riƙa tattaki, shi bai yarda ta fita ba, kuma ba zai raka ta ba. An ce ta canja abinci, kuɗin cefane na hannunsa, tukunya ɗaya ake ɗorawa. Haka za ta ci farar shinkafar da kowa ya ci, ta haɗiye maganinta, ta tashi ta kwashe kwanuka.