Sai ruwa ya kai masa wuya za a saurare shi?

Tun da Kotun Duniya da ke Hague ta fitar da ra'ayinta kan sauyin yanayi a Yulin 2025, masu fafutuka ke ta guɗa, wai an buɗe wa masu gudun hijirar yanayi ƙofa. Wace ƙofa? Shawara ce kotun ta bayar, kuma irin wannan murnar aka yi a 2020.

A tuna da Ioane Teitiota, ɗan ƙasar Kiribati, wasu tsibirai a Tekun Pasifik, da ya nemi mafaka a New Zealand. Ruwan teku ya shiga rijiyoyinsu, gishiri ya kashe shuka, jama'a sun cunkushe a Tarawa, babban birnin ƙasar, har ana zubar da jini a kan fili. Alƙalai ba su ƙaryata shi ba. Cewa suka yi doka ba ta san da irinsa ba, aka tasa ƙeyarsa gida a 2015. Da maganar ta kai gaban Kwamitin Kare Haƙƙin Ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya, sai ya amince, a hukuncin da aka yi wa waccan murna a 2020, cewa bai halatta a mayar da mutum inda yanayi zai halaka shi ba, sannan ya ce shi Teitiota da sauransa, tunda akwai shekara 10 zuwa 15 kafin ƙasar ta gagari zama, gwamnati za ta iya yin wani abu. Wato ka je, in ka fara nutsewa ka dawo. Wani ɗan kwamitin daga Yuganda, Duncan Muhumuza, ya ƙi yarda, ya kwatanta hukuncin da mayar da mai nutsewa cikin jirgin da ke nutsewa. Shi ya faɗi gaskiya.

Masu cewa Yarjejeniyar 1951 kan 'yan gudun hijira ta tsaya ne kan tsangwama saboda launin fata, addini, ƙasa, rukunin jama'a ko ra'ayin siyasa, don haka kada a taɓa ta, tsoron baƙi kawai suke ɓoyewa a bayan takarda. Ai tun 1969 Afirka ta faɗaɗa ma'anar ɗan gudun hijira, sama ba ta faɗo ba.

Kada kuma a kawo mini misalin Ostireliya. Tana karɓar mutum 280 a shekara daga Tuvalu, wata ƙasar tsibirai a Tekun Pasifik, ta hanyar jefa ƙuri'a: wannan alfarma ce, wanda ya ba da ita yau yana iya janyewa gobe.

Alƙalai su daina neman hujjar mutuwa nan take, domin masifar da ke cin ƙasa a hankali ma kisa take yi. Ƙasashen da hayaƙinsu ya ɗaga tekun su ne ya kamata su fara karɓar mutanen.