Mutum-mutumin koyon jinya ba zai koyar da kansa ba

Kowane ma'aikacin jinya yana da majinyacin farko da ya laluba wa jijiya domin ƙarin ruwa, kuma a yawancin makarantunmu wannan majinyaci mutum ne mai rai da ya zo neman sauƙi, bai san a hannunsa za a koyi aiki ba. Koyarwa ta hanyar kwaikwayon yanayin asibiti an ƙirƙiro ta ne domin kuskuren farko ya faɗa kan roba maimakon jikin ɗan Adam. Dabarar ba sabuwa ba ce, domin tun 1911 asibitin Hartford a Amurka ya fara horar da ɗalibai da 'yar tsana mai girman mutum, sannan a 1960 Asmund Laerdal, mai ƙera kayan wasan yara a Norway, ya fito da 'yar tsana mai suna Resusci Anne don koyon farfaɗo da wanda numfashinsa ya ɗauke. Na zamani suna numfashi, suna nishi, ana jin bugun zuciyarsu, kuma tsadarsu ta fi ƙarfin kasafin kwalejojin jinya da yawa.

Wannan tsada ce ke sa wasu shugabanni su ce abin ba namu ba ne, wasu kuma su sayo guda ɗaya, a kira manyan baƙi a yanke kyalle, daga nan a kulle ɗakin gwajin don kada ɗalibai su lalata shi. A ganina duka ɓangarorin biyu sun ɗauka cewa kayan ne ke koyarwa, alhali ba haka ba ne.

Hujjar da ta fi dacewa da mu daga Tanzaniya ta fito. A shirin Helping Babies Breathe, na taimaka wa sabbin jarirai su fara numfashi, an horar da ungozomomi da wani jaririn roba mai araha da ake cika shi da ruwa har ya yi nauyin sabon haihuwa. Malama tana matsa wata 'yar ƙwallo a ɓoye, sai a ji bugu a cibiya, ɗaliba kuwa dole ta goge jaririn, ta shafa bayansa, idan bai yi kuka ba ta ɗora masa abin hura iska kafin minti ɗaya ya cika. Binciken da aka wallafa a 2013 kan asibitoci 8 ya nuna mutuwar jarirai a ranar farko ta ragu da kashi 47 cikin ɗari. Sai dai a asibitin Haydom da ke ƙasar an gano cewa bitar yini ɗaya ta gyara hannun ma'aikata a kan roba, amma ba ta sauya aikinsu a ɗakin haihuwa ba, sai da aka koma gajeren atisaye ana maimaitawa a kai a kai.

Ke nan maimaici ne sirrin, tare da zaman bita bayan kowane atisaye, inda malama za ta tambayi ɗaliba abin da ta gani da dalilin da ya sa ta yi jinkiri. A nan ne muke da aiki babba, domin ɗalibar da ta saba da tsawa za ta ɓoye kuskurenta ko a gaban 'yar tsana. Haka kuma tarbiyyarmu ta jin nauyin na gaba, wadda abin yabo ce a gida, takan hana ƙaramar nas buɗe baki ta ce wa likita jinin mai jego ya yi yawa. Wannan ma abin gwadawa ne a ɗakin atisaye har baki ya saba, musamman da yake zubar jini bayan haihuwa na kan gaba wajen kashe mata masu jego, kuma ƙiyasin ido yakan raina yawan jinin da ya zuba.

Masu ɗari-ɗari da tsarin suna da gaskiyarsu. Roba ba ta jin kunya, ba ta ƙin a duba ta, ba ta da miji a bakin ƙofa da ake jiran amincewarsa. Binciken hukumomin jinya na Amurka na 2014 ya nuna atisaye zai iya maye gurbin har rabin sa'o'in aiki a asibiti, amma da sharaɗin ƙwararrun malamai da isassun kayan aiki, don haka kuskure ne makarantar da ta ɗebi ɗalibai fiye da ƙima ta fake da shi ta rage zuwa ɗakin marasa lafiya. Giɓin da roba ta bari ana iya cike wani sashe nasa da mutanen da aka koya wa kwaikwayon majinyaci, su yi bayanin ciwonsu da Hausar da ɗalibi zai ji gobe a asibitin karkara.

Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya ta riga ta shigar da jarrabawar gwajin aiki a aikace. Abin da ya rage shi ne, idan jami'anta suka je tantance makaranta, kada su tsaya a ƙirga kayan da ke cikin kabad. Su nemi rajistar da ke nuna sau nawa kowane ɗalibi ya shiga atisaye a zangon karatu, da malamai nawa aka horar kan gudanar da zaman bita.