Ku daina ɗora wa ginin ƙasa laifin gara

Tun jiya nake karanta sharhinku a kan hoton ɗakin nan da rufinsa ya rufto a layinmu. "Ai gidan ƙasa ne, dole gara ta cinye." To sannunku da aiki, injiniyoyin Facebook! Ɗakin nan na bulo ne, siminti tun daga tushe. Farin katako kafinta ya jera a rufin, ko baƙin mai ba a shafa masa ba, wai mai gida yana son a rage kuɗi. An kuwa rage.

Jama'a, gara itace take nema, da kara, da takarda, laima kuma ita ke yi mata jagora. Ba ruwanta da ko gidanka tubali ne ko bulo, tsaga ɗaya ta samu a siminti ta wuce sama. Kai ne ka jingina itacen girki da karan dawa a bango tun kaka. Kai ne ka bar indararo yana zuba a gindin katanga. Kai ne ka yi gini a kan kututture ba ka tone shi ba. Sannan ka ce ƙasa ce?

Na san za a ce ai akwai ciyawa a cikin tubali. Naji. Hasumiyar masallacin Agadez mai tsawon mita 27 da me aka gina ta? Gobarau ta Katsina fa? Ɗaruruwan shekaru suna tsaye, saboda ana kula da su, ana sake yaɓe. Maginan da suka san aikinsu azarar giginya suke ɗorawa, wadda gara ke shan wuya kafin ta huda, su bi bango da makuba ko laso don ruwa ya zame. Mu muka watsar da wannan, muka koma neman araha.

Wallahi abin ya taɓa ni, don da yara na ciki da yanzu wani zancen ake. Don Allah idan ka ga siririyar hanyar ƙasa tana hawa bangonka, kada ka share ka koma ka kwanta. Bi ta ka ga inda ta fito. Fesa fiya-fiya ƙananan gara ma'aikata kawai yake kashewa, uwar garar tana can cikin suri tana zuba ƙwai dubbai a kullum. A ƙwanƙwasa katakon rufi kafin damina, wanda ya yi ƙarar fanko a cire shi.

Ni dai zancen nan ya tuna mini da shinge. Ruwan farko na sauka mu fito da roba da ruwa mu zauna gindin fitila, da safe Inna ta soya mana da ɗan gishiri. Na ba wa yarana labari, babbar ta ce wai ƙwaro muke ci.