An karɓi 'yata makauniya a makaranta, an kulle kayan karatunta a sito

Na gaji da jin cewa an buɗe ƙofar makarantun gwamnati ga yara masu buƙata ta musamman. An buɗe, na yarda, 'yata ma ta shiga. Amma tun da ta shiga ɗin ba a taɓa miƙa mata littafi ko guda da za ta iya karantawa da yatsunta ba, ba a ba ta na'urar rubutu ba, kuma abin da ta rubuta sai ya yi makonni ba a samu mai dubawa ba. Ƙyanda ce ta tafi da idanunta tun tana ƙarama, yanzu tana aji biyu na ƙaramar sakandare a nan Legas. Kullum da duku-duku uwarta ke riƙo hannunta daga Agege, su sha turereniyar damfo, wato motocin haya na Legas, da gosulo, ga kuɗin mota da ya ninka tun da aka cire tallafin mai a 2023, duk don ta je ta zauna a benci tana jin malami yana rubutu a allo. An kai mai ƙishirwa bakin rijiya an hana shi guga, sannan ana jira ya yi godiya.

Wanda bai zauna da makaho ɗalibi ba, ba zai gane abin da nake nufi ba. Malami ya juya baya ya cika allo, ya ce ku kwafa. Ya nuna da sanda ya ce in ka haɗa wannan da wancan sai ka samu wannan. Wanne da wanne? Yara masu ido sun gani, sun wuce. Ita kuwa abin da ke hannunta ɗan allo ne mai ramuka da tsinken huda takarda. Kowane harafi na rubutun makafi, wanda Louis Braille ɗan Faransa ya ƙirƙiro, yana fitowa ne daga ɗigo shida, kuma kowane ɗigo sai an huda shi shi kaɗai. Daga dama zuwa hagu take hudawa, harafin a juye, sai ta gama ta zare takardar ta birkita ta kafin ta shafa ta ji abin da ta rubuta. Kafin ta kai ƙarshen layi ɗaya an goge allo an shiga wani darasi. Saboda haka karatunta na gaskiya a gida ake yin sa, bayan sallar isha'i. Yayanta ya aro littafin wata 'yar ajinsu, ya haska da fitilar waya yana karantowa, ita tana hudawa, ƙas-ƙas-ƙas, har sai hannunta ya ƙage. Tafin hannun nan ya yi kanta wajen da tsinken ke zama. Takardar ma mai kauri ake buƙata, in ba haka ba ɗigon ya baje, kuma idan kuɗinta ya gagara tsofaffin kalandu nake roƙowa a shagunan abokai mu yayyanka.

Abin da ya kai ni bango shi ne, kayan da za su sauƙaƙa mata suna nan a cikin makarantar. Da idona na gan su. Wasu bayin Allah ne suka kawo gudunmawa, aka yi taro, aka jera yaran a gaba aka ɗauki hotuna, 'yata ma an ɗora hannunta a kan na'urar an ɗauka. Akwai Perkins, wato tafiretar makafi, wadda ake danna maɓallanta a tare harafi ya fito gaba ɗaya, kuma kana rubutawa kana shafawa. Akwai kwamfutoci na hannu. Baƙi na fita aka kwashe komai aka zuba a sito aka datse da kwaɗo. Na je na yi magana da ladabi, aka ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, mai makullin ba ya nan." Na koma, aka ce sai takarda ta zo daga sama. Na sake komawa, sai aka faɗa mini gaskiyar abin da ke ransu: wai tsoro ake kada yaran su lalata, a zo bincike a ce wa ya ba da izini. Na leƙa ta taga, ga kwalayen nan a jibge, ƙura ta rufe su, danshin damina ya fara cin na ƙasa. Wallahi ranar da ƙyar na iya haɗiye abin da ya taso mini. Ashe an fi jin tsoron lalacewar ƙarfe a kan lalacewar shekarun yaro. Ni kuwa ba ni da halin sayen tawa. Perkins ɗaya ɗaruruwan daloli ce, dalar da a farkon 2023 ba ta kai naira 500 a farashin hukuma ba, a 2024 ta haura 1,500. Mai sayar da tumatir da tattasai a kasuwar Mile 12 irina ina zai gano wannan?

Ba na ɗora laifin a kan malamar da ke kula da sashen nasu, Allah ya saka mata da alheri. Ita kaɗai ce, kuma a kanta aka tara makafi da kurame da yaran da ke da jinkirin fahimta, alhali ita fannin kurame ta karanta. Rubutun makafin ma da kanta ta ƙoƙarta ta koya. Ita za ta fassara wa kurame darasi, ita za ta juya amsar 'yata zuwa rubutun masu ido don malamin lissafi ya iya ba da maki. Mutum ɗaya ya yi yaya? A garin Oyo akwai kwalejin tarayya da aka kafa tun 1977 musamman don horar da malaman irin waɗannan yara. Ina waɗanda take yayewa duk shekara suke? Me ya hana a ɗauke su aiki? Kuma 'ya'yanmu kurame da suka taso daga Arewa suna da nasu ƙarin nauyin, domin maganar hannu da suka saba da ita a gida daban take da wadda ake koyarwa a makarantu, wadda tushenta na Amurka ne. Yaro ya zo ya tarar da sabon yare, ga shi babu mai lokacin zama da shi.

Kada wani ya ce mini alfarma ake yi mana. Doka ce. Jihar Legas ta yi dokarta ta kare haƙƙin masu buƙata ta musamman tun 2011, zamanin Gwamna Fashola, ta riga gwamnatin tarayya da shekaru. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu a 2010. A watan Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa nakasassu wariya, wadda ta ce karatunsu kyauta ne har sakandare, ta ce makarantun gwamnati su zama na kowa da kowa, da ƙwararren ma'aikaci da kayan aiki na musamman. Ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keken guragu zai iya shiga, wa'adin ya cika a Janairun 2024. Har tara ta yanka ga wanda ya nuna wariya: naira miliyan 1 ga kamfani ko ma'aikata, naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum. To ga shi muna bayan wa'adi, kuma a makarantar 'yata akwai yaron da shan inna ya kama ƙafafunsa, ajinsu na saman bene, abokansa ne ke cicciɓar sa kullum, wani ya ɗauko keken a baya. Ƙofar banɗaki ba ta ɗaukar faɗin keken. Uwarsa ta gaya wa mai ɗakina cewa ba ya shan ruwa da safe don kada fitsari ya matse shi. Yaro ya wuni da ƙishi a zafin Legas saboda an kasa faɗaɗa ƙofa guda, an kasa sauko da aji ɗaya ƙasa. Sauko da aji ko kwabo ba ya ci.

Wannan shi ya fi ƙona mini rai, yawancin abin da muke nema ba kuɗi ne ya hana ba. Akwai manhaja mai suna NVDA, wasu makafi biyu 'yan Ostareliya ne suka samar da ita, kyauta ake saukewa. Ka sa ta a kwamfuta, duk abin da ke kan fuskar za ta karanto shi da murya, makaho ya yi rubutu, ya shiga intanet, ya amsa jarrabawa malami ya karanta ba tare da tafinta ba. Wayoyin Android da ke aljihun kowa suna da TalkBack, na iPhone suna da VoiceOver, duk aikinsu ke nan. Na yi ta tari har na saya mata waya ta hannu a Computer Village da ke Ikeja, cikin 'yan kwanaki ta fi ni iya sarrafa ta. Ta fara naɗar muryar malamai tana saurare a gida, har fuskarta ta sake. Sai wani malami ya gan ta da abin saurare a kunne ya ƙwace wayar, wai dokar makaranta ta hana ɗalibai zuwa da waya. Na je na ce, "Malam, wannan fa ba wasa take da ita ba, idonta ne." Ya ce in ya bar ta sauran ma za su kawo. Sauran suna da ido! An dawo mana da wayar da sharaɗin kada ta ƙara shiga aji. An kulle nasu a sito, an hana ta shiga da namu. To da me ake so ta yi karatun?

Littattafai ma haka. Najeriya ta shiga yarjejeniyar Marrakesh a 2017, wadda ta halatta a juya littafi zuwa rubutun makafi ko murya ba sai an nemi izinin mai haƙƙin mallaka ba, kuma sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta shigar da wannan. Kowane littafin makaranta a yau a kwamfuta ake shirya shi kafin a buga. Gwamnatin da ke zaɓen littattafan da za a karanta a makarantunta tana da ikon cewa duk kamfanin da ke son a ɗauki nasa sai ya miƙa kwafin da manhaja za ta iya karantawa. Sharaɗi ne na layi ɗaya. Amma har yau 'yata ba ta san yadda littafin kimiyyarsu yake ba sai abin da yayanta ya karanto mata yana gyangyaɗi.

Kuma an ga yana yiwuwa idan aka so. Hukumar JAMB tun 2017 ta kafa kwamiti na musamman ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola, ana tara makafi a cibiyoyi na daban su rubuta jarrabawar shiga jami'a ta hanyar da ta dace da su. A Surulere makarantar makafi ta Pacelli tana aiki tun 1962, ta yaye mutanen da suka zama abin alfahari. A Gindiri ta jihar Filato an fara tun 1953, a Kano ga makarantar Tudun Maliki. Ilimin koyar da makaho ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Sai dai makarantu 'yan ƙalilan ba za su ɗauke yaran birni mai mutum fiye da miliyan 15 ba, shi ya sa aka ce a haɗa su da sauran yara. In an haɗa ɗin ba a kawo kayan aiki ba, ta yaya yarinya za ta kai matakin da JAMB ke jiran ta?

Mu ma Hausawan Legas sai mun ji tamu. Tun da yarinyar nan ta makance ake ce mini wahalar banza nake yi. Wani dattijo da nake ganin girmansa ya ce, "Ɗana, makauniya da boko? Ka samo mata ɗan jagora, Allah zai ciyar da ita." Na san da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma maganar ta soke ni. Ku je Oko-Baba a Ebute Metta ku ga 'yan'uwanmu makafi da guragu da kutare, ku ga ƙananan yara masu lafiya da aka cire daga karatu suna jan iyayensu zuwa bara. Gwamnatin jiha kuwa ta hana bara a titi, ana kamawa a kai gidan ajiye mabarata na Majidun a Ikorodu. Wato titi an hana, aji kuma an bar su hannu rabbana. Ga shi duk inda aka ga makaho a bakin gada sai a ce ai Bahaushe ne, kamar da ƙoƙon bara aka haife mu. Ni na rantse 'yata ba za ta riƙe ƙoƙo ba muddin ina numfashi. Muna da sarakunan Hausawa a Agege da Idi-Araba da Mile 12, muna da attajirai a Alaba Rago, ana tara miliyoyi a gyara masallaci, kuma hakan alheri ne. Amma ban taɓa jin an tashi bayan sallar Juma'a an ce a haɗa kuɗin tafiretar makafi ko batirin na'urar ƙara ji ga 'ya'yanmu ba. Sadakar naira 50 a tafin makaho ta fi mana sauƙi a kan mu tsaya masa ya yi karatu.

Abin da nake nema a bayyane yake. A buɗe siton nan a raba wa yaran kayansu, in sun lalace a hannunsu a gyara, don haka aka kawo su. A rubuta a takarda cewa makaho zai shiga aji da wayarsa ko kwamfutarsa. A ƙaro malami wanda ya karanci fannin makafi. A sauko da ajin yaron nan ƙasa, a faɗaɗa ƙofar banɗaki. Mun fara haɗa kai da sauran iyaye, Yarbawa da Ibo da mu, za mu rubuta takardar koke mu sa hannu gaba ɗaya mu kai ma'aikatar ilimi a Alausa, kwafi kuma ga hukumar nakasassu ta jiha da ta tarayya. Duk Bahaushen da ke da irin wannan yaro a makarantar gwamnati a Legas, ya daina ɓoye shi a ɗaki, ya daina cewa haƙuri, ya je ya tambayi shugaban makarantar abin da ke cikin sitonsu, kuma kada ya tafi sai an buɗe masa ya gani.